KARIYA: FUREN GIDANMU DA YA YI TSADA A KURMI

Daga Wakilinmu na Arewa

A cikin watan Yuni da ya wuce, wani ƙanena da ke aikin gadi da kula da lambu a wani gida a Ikko ya bugo mini waya hankalinsa a tashe. Ya ce akwai furanni biyu na cikin tukunya da maigidansa ya saya da kuɗi masu yawa ya danƙa masa amanarsu. Ɗaya an kawo ta a watan Janairu, ga shi ta fara ruɓewa daga gindi. Ɗayar kuwa, tun da furen da ta zo da shi ya zube, shekara biyu ke nan ba ta sake yin wani ba. Ya ce safe da yamma yake ba su ruwa, bai taɓa fashi ba, amma abin sai gaba yake yi, har maigida ya fara yi masa kallon wanda bai san aikinsa ba. Duk wanda ya bar iyali a gida ya je neman abinci a Kurmi ya san abin da irin wannan kallo yake nufi.

Na ce ya ɗauki hotonsu ya aiko mini. Da hoton ya iso sai da na yi dariya, domin ta farkon ba wata aba ba ce illa kariya, wadda muka taso muna gani a bayan gari, iyayenmu mata suna kwaɓarmu kada mu taɓa ta. Ta biyun ce baƙuwa, ita ce wadda Turawa suke kira murtsunguwar Kirsimeti. Ƙanen nawa ya haɗa su wuri ɗaya a tsakar rana, yana yi musu hidima iri ɗaya, alhali kuwa abincin wani gubar wani ne.

Da yake na san 'yan'uwanmu da yawa a Ikko da Badun da Fatakwal da Binin suna irin wannan aiki, wasu kuma suna sha'awar ajiye fure a ƙofar ɗakinsu, na ga ya kamata amsar da na ba shi ta zama ta kowa.

KARIYA A GIDANTA

Wanda bai taɓa ganin kariya a ƙasarmu da rani ba, bai san ta ba tukuna. Machina tana can ƙarshen arewacin Jihar Yobe, arewa maso yamma da Nguru, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi da duwatsu. Daga watan Oktoba ruwa yake ɗaukewa, ba ya dawowa sai wajen Yuni. Sa'ad da hunturu ya ratsa, ciyawa ta bushe, ƙura ta rufe komai, a sa'an nan ne kariya take zubar da ganyenta kaf, ta tsaya da rassanta tsirara kamar matacciya, sai kuma ka ga ta ɓarke da fure. Furen yana da siffar bakin kakaki, mai kunnuwa biyar, gefensa ja, cikinsa fari-fari. A lokacin da babu wani launi a daji sai na ƙasa, daga nesa mutum yake hango ta.

Asirinta yana cikin gindinta. Gindin kariya kumburarre ne kamar tulu, kuma aikin tulu yake yi. Ɗan ruwan da ta samu a watanni uku ko huɗu na damina, shi take tarawa a ciki ta riƙa sha a hankali har shekara ta zagayo. Saboda haka take rayuwa a wurin da wasu itatuwa ba sa iyawa, tun daga Senegal, ta bi ta ƙasashenmu na Sahel, har Sudan da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa.

Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum. Wani masani mai suna Peter Forsskal, wanda ya je ƙasar Yaman cikin wata tawagar bincike ya kuma rasu a can a 1763, shi ne ya fara rubuta bayaninta a tsarin masana, aka buga littafinsa a 1775. A 1819 aka raɗa mata sunan Adenium, wanda ake dangantawa da birnin Adan. Kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai ƙiba, saboda gindin nan nata. Masu sayar da furanni suna ce mata furen hamada.

Da yawa suna ɗauka murtsunguwa ce, amma ba ita ba ce. Kariya dangin tumfafiya ce, kuma wanda ya dubi 'ya'yansu zai gane, domin dukansu irinsu yana da gashi mai laushi da iska take ɗauka. Haka nan ƙerana da tinya da aguwa da muke shinge da su, wani dangi ne dabam. Ainihin dangin murtsunguwa, in ban da iri guda, duk daga nahiyar Amurka suka fito.

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, iyayenmu suka riƙa aika gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu zuwa Kurmi, amma ba wanda ya taɓa tunanin kariya haja ce. Wasu ne a can ƙasashen Tailan da Taiwan suka ɗauke ta, suka yi ta haɗa iri da iri har suka fitar da mai farin fure, da mai ja wur, da mai ɗorawa, da mai kunnuwa ninki-ninki. Suna yi mata aure kamar yadda masu lambunmu suke yi wa mangwaro, watau a ɗora reshen mai kyan fure a kan gindin wadda aka shuka daga iri. Yau ga ta a bakin titunan manyan unguwannin Ikko cikin tukwane masu ado, ana ciniki.

ABIN DA KE KASHE TA A KUDU

Ruwa ne, ba wani abu ba. A yankin Nguru da Machina da Gashuwa, ba kasafai ruwan shekara guda yake wuce milimita 500 ba. A Ikko yakan haura milimita 1,500, a Fatakwal kuwa fiye da 2,000. Ruwan watan Yuni kaɗai a Ikko ya fi rabin abin da Machina take samu a shekara. To, itacen da tulunsa ya riga ya cika, ga ruwan sama a kai, ga mai lambu yana ƙara masa da bokiti safe da yamma, ina zai kai ruwan? Saiwar takan rasa iska, ta ruɓe, ruɓar ta hau gindi. Kafin a ankara gindin da ya kamata ya yi tauri kamar ɗanyen rogo ya koma laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda.

Don haka duk mai son kariya ta rayu a Kurmi, sai ya ƙirƙiro mata ƙasar Machina a cikin tukunya. Ga yadda ake yi.

Da farko tukunya. Ta ƙasa ta fi ta roba, domin tana shan iska kuma tana saurin bushewa. Ko wace iri ce, lalle a huda mata ramuka a ƙasa, a ɗora ta a kan bulo ko duwatsu yadda ruwa zai zube ya wuce. Kada a sa mata faranti a ƙarƙashi. Kada kuma ta fi gindin itacen girma da yawa, domin ƙasa mai yawa ruwa mai yawa take riƙewa.

Na biyu ƙasa. Baƙar ƙasar lambun Kurmi ba ta dace da ita ba. A samu yashin kogi mai tsakuwa kashi biyu, ɓurɓushin gawayi ko fasasshen bulo kashi ɗaya, sa'an nan ƙasa mai ɗan ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cuɗa. A guji yashin bakin teku saboda gishiri. Gwajin mai sauƙi ne: in ka zuba ruwa ya tsaya a sama yana kallonka, ƙasar ba ta yi ba. Wajen dasawa a bar kumburarren gindin ya ɗan fito sama, kada a binne shi duka.

Na uku rana. Kariya ba furen cikin ɗaki ba ce. Tana bukatar rana ta doke ta aƙalla awa 6 a yini. In aka ajiye ta a falo, rassanta sukan yi tsawo su sirance, fure kuma ya ƙi zuwa. In maigida yana son ta a ciki saboda baƙi, a shigar da ita kwana biyu ko uku sa'ad da take cikin fure, a mayar da ita waje.

Na huɗu ban ruwa. Kada a yi shi da lissafin kwanaki. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in da sauran danshi a ƙyale ta. In ta bushe sarai, a ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, sa'an nan a manta da ita sai ta sake bushewa. Lokacin ruwa mai yawa, musamman daga Mayu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, a jawo ta bakin baranda inda haske yake samunta amma ruwan sama ba ya dukanta. Kada a kuskura a ajiye ta inda indararo yake zuba.

Na biyar, a yi mata rani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a rage mata ruwa ƙwarai, a daina ba ta taki. In ta zubar da ganye kada hankali ya tashi, hutu take yi kamar yadda take yi a gida, kuma bayan wannan hutun ne fure yake zuwa da yawa. Taki kaɗan ya ishe ta, shi ma sai lokacin da take fitar da sabon ganye.

In kuwa ruɓa ta riga ta kama ta, da sauran dabara muddin ba ta cinye gindin duka ba. A tuge ta, a wanke saiwar, a sa wuƙa mai tsabta a yanke duk inda ya yi laushi ko ya yi baƙi har a kai ga farin nama mai tauri. A barbaɗa toka a wurin, a ajiye ta a inuwa mai iska kamar mako guda har ciwon ya bushe. Sa'an nan a dasa ta a busasshiyar sabuwar ƙasa, kada a ba ta ruwa sai bayan wani makon.

Akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da yake maƙalewa a hammatar ganye yana tsotse ta. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko ruwan da aka jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a ciki, yana maganinsa in ana fesawa da yamma ana maimaitawa.

YADDA AKE YAƊA TA

Hanya biyu ce. Ana yanko reshe mai tsawon taƙi guda, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe, a soka shi cikin yashi mai ɗan danshi. Wannan yana saurin yin fure, amma gindinsa ba ya saurin kumbura, masu saye kuwa gindin suke dubawa.

Hanya ta biyu ita ce iri. Bayan fure, kariya takan fitar da kwanso biyu a haɗe kamar ƙahon akuya. In suka nuna sai su tsage, iska ta kwashe irin. Saboda haka a ɗaure kwanson da zare tun bai tsage ba. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi, a rufe shi da ƙasa kaɗan, a riƙa yayyafa ruwa. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda ko makamancin haka, amma in ya daɗe a ajiye ƙarfinsa yakan ragu. Wadda aka shuka ta haka ita ce mai tulun gindi, kuma in ta samu kulawa takan fara fure cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

GARGAƊI: GUBA CE

Kwaɓar da iyayenmu suke yi mana ba ta banza ba ce. Ruwan jikin kariya, daga saiwa har fure, yana ɗauke da guba mai taɓa bugun zuciya. A sassa da yawa na Afirka da shi maharba suke haɗa dafin kibiya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Masu maganin gargajiya suna amfani da ita, amma tazarar da ke tsakanin magani da ajali a wannan itace ƙanƙanuwa ce, don haka kada kowa ya jiƙa ta ya sha.

Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna gidajen haya a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, inda tsakar gida ɗaya yara goma suke wasa. A ɗora tukunyar inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai yanka ta ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da wuƙar da sabulu. Kada a yi asuwaki ko tsinken nama da reshenta, kada a zubar da abin da aka yanke inda akuya ko kaza za su samu. In yaro ya tauna ta, kada a tsaya jiran ganin amai ko jiri, a garzaya da shi asibiti, a riƙe guntun itacen a nuna wa likita.

BAƘUWAR DAGA BIRAZIL

Yanzu sai mu koma ga tukunya ta biyu. Ita wannan murtsunguwa ce ta gaskiya, amma sunan yana ruɗin mutane, su ɗauka 'yar hamada ce. Asalinta duwatsun da ke kusa da gaɓar teku ne a kudu maso gabashin Birazil, inda ake da kurmi mai sanyi da hazo. A can ba a ƙasa take tsirowa ba, a kan rassan itatuwa da tsagin duwatsu take maƙalewa, cikin inuwa. Ba ta da ganye. Abin da ake gani kamar ganye rassanta ne, falle-falle a jere kamar sarƙa, fure kuma a ƙarshensu yake fitowa. Wani masani Bafaranshe, Charles Lemaire, shi ya sa wa danginta suna Schlumbergera a 1858, don girmama wani mai tara irin waɗannan tsirrai a Faransa. A Turai da Amurka tana fure a Nuwamba da Disamba, shi ya sa aka haɗa ta da Kirsimeti. A Birazil kuwa furen watan Mayu suke ce mata, domin a sa'an nan ne sanyinsu yake shigowa.

Kusan duk abin da kariya take so, ita ba ta so. Rana mai zafi tana ƙona ta, rassan su yi ja su yanƙwane, don haka wurinta shi ne bakin taga ko baranda mai haske ba tare da rana ta doke ta ba. Ƙasarta a haɗa ruɓaɓɓen ganye da yankakken ɓawon kwakwa da ɗan yashi. A ba ta ruwa da zarar saman ƙasar ya bushe, kada a bari ta bushe ƙurmus. Abu ɗaya da suka yi tarayya a kai shi ne, ita ma ruwa in ya kwanta mata a saiwa ruɓewa take yi. Ba ta da guba irin ta kariya. Yaɗa ta kuma ba wuya: a murɗe gaɓa biyu ko uku, a bar su kwana biyu, a soka a ƙasa.

To, me ya hana ta fure? Abu biyu take jira kafin ta ƙulla: dogon dare da sanyi. Tana son duhu marar yankewa na awa 13 zuwa 14 kowane dare har kamar mako 6, da sanyin dare na tsakanin digiri 10 zuwa 18. Ikko kuwa tana kusa da tsakiyar duniya, dare mafi tsawo a shekara bai fi awa 12 da 'yan mintoci ba, kuma da ƙyar sanyin dare yake sauka ƙasa da digiri 20. Ga kuma fitilar gadi da take ci har safe, wadda ita kaɗai ta isa ta ɓata lissafin. A Machina daren Disamba ya fi haka tsawo, sanyin hunturu kuma ya isa, amma busasshiyar iska da zafin Afrilu mai wuce digiri 40 ba za su bar ta ta ji daɗi ba. Wurare irin su Jos da Mambila su ne suka fi kusa da abin da ta saba.

Dabarar ita ce a yi mata dare da hannu. Daga farkon Oktoba, a kife mata kwali daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 8 na safe, a ajiye ta a ɗaki mafi sanyi a gidan, a ɗan rage ruwa. Da zarar ƙullin fure ya bayyana a daina rufewa, kada kuma a riƙa ɗaukarta daga nan zuwa can ko a bar ta da ƙishirwa, domin takan zubar da ƙullin. Gaskiyar magana, a gidan da babu na'urar sanyaya ɗaki ana iya yin duk wannan ta ƙi. Ya kamata mai lambu ya gaya wa maigidansa haka tun da wuri, don kada a ɗora masa laifin da na yanayi ne.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ƙanen nawa ya bi abin da na gaya masa. Ya tuge kariyar, ya yanke kusan sulusin gindinta, ya shanya ta, ya sake dasawa cikin yashi da gawayi. Bayan mako biyar ya aiko mini da hoton sabon toho. Baƙuwar kuma ya ɗauke ta daga rana, rassanta sun dawo kore, yana jiran Oktoba da kwalinsa. Aikinsa dai ya tsira. Yanzu har ya roƙe ni in tara masa irin kariya in rani ya yi, yana so ya gwada shukawa a gwangwanaye ya kai wa masu sayar da furanni.

Wannan shawara ce mai kyau, kuma ina ba duk mai ɗan fili a bayan ɗakin gadi ita. Jarinta yashi ne da gawayi da haƙuri. Amma ina roƙon 'yan'uwa abu guda: in kun zo gida, iri za ku ɗauka ko ɗan reshe, kada ku tuge tsofaffin da ke daji. Kariya mai babban gindi ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, kuma ƙasarmu da rairayi yake matsowa kullum ba ta da itacen da za ta yi kyauta da shi. Ambulan guda na iri ya fi buhun saiwa amfani, ya kuma fi sauƙin ɗauka a mota.

Wanda ya gwada, ko yake da wata tambaya a kan furen da aka ba shi amana, sai ya rubuto wa wannan fili. Allah Ya ba da sa'a, Ya kuma dawo da kowa gida lafiya.